Ɗaliban Wusasa da bashin da harshen Hausa ke bin mu

A cikin watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasar Nijar. To, ya kamata mu san waɗanda suka yi wa rubutun wannan harshe wahala tun ba a ba shi daraja ba. Daga cikinsu akwai malamai da ɗaliban makarantar mishan ta Wusasa, kusa da Zariya, a Najeriya.

Likita Walter Miller, Baturen Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya a 1905 ya buɗe makaranta, daga baya a 1929 aka ƙaura da ita Wusasa. Wa'azin addininsa ya kawo shi, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma mutanen gari kaɗan suka bi shi. Amma ya ɗauki Hausa da gaske. Shi da abokan aikinsa, har da Hausawa, suka yi shekaru suna auna kalma da kalma, sai a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikin Hausa. Duk wanda ya taɓa zama gaban takardar Faransanci yana neman yadda zai faɗe ta manomi ya gane, ya san nauyin wannan aiki.

Ku dubi yaran da suka fito. Barau Dikko ya yi karatu a Birmingham, ya zama likitan farko ɗan Arewacin Najeriya, kuma da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ishaya Audu, likitan yara, ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma can ya fara karatu.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Tafida. A shekarun 1930 shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, labarin saurayin da mai dukiya ya ƙwace wa budurwa, ya shiga duniya neman fansa. Marubucin Kirista ne, mutanen labarin Musulmi ne, kuma ɗaliban Musulmi sun yi ta karanta shi a makarantu ba su ji baƙon harshe a ciki ba.

Mu nan Yamai muna da makarantun mishan, kamar kwalejin Mariama wadda ta tarbiyyantar da ƴan mata masu yawa, galibinsu ƴaƴan Musulmi. Sai dai da Faransanci suka yi suna. Makarantun gwaji na harsunan gida kuwa, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, sun daɗe suna ƙishin littattafai.

Saboda haka ina kira ga hukumar yaƙi da jahilci ta sa tarihin su Tafida cikin littattafan manya, kuma a gayyaci tsofaffin ɗaliban makarantun mishan, na Mawrai da sauran unguwanni, su zo teburin fassara. Da yawansu sun ƙware a Faransanci, kuma Hausa suke yi da ƴaƴansu a gida.