SHARHI: Doro Ba Abin Ba'a Ba Ne

Da wuya a sami unguwar da babu mai doro a cikinta, da wuya kuma a sami mai doron da bai sha ba'a a bakin samari ba. Wasu na cewa aikin aljanu ne, wasu su ce baki aka yi wa uwarsa. Duk wannan jahilci ne.

Akwai doron da tarin fuka ke jawowa in ya kama ƙashin baya, akwai kuma wanda ake haihuwar mutum da shi. Shi na haihuwa yana somawa ne tun a makonni shida na farkon ciki, sa'ad da gaɓoɓin ƙashin baya ke haɗuwa: wata gaɓa ta fito rabi, ko biyu su manne, sai bayan ya riƙa karkacewa yayin da yaro ke girma. In abin ya tsananta yakan matse huhu, ya wahalar da zuciya, wani lokaci ya danne laka har ƙafafu su mutu.

Alhali kuwa ana gyara shi. Tun a 1962 Dakta Paul Harrington na Amurka ya bayyana dabarar miƙe baya da sandar ƙarfe. Yau da sanduna da kusoshi ake yi. A 2012 aka buɗe asibitin FOCOS a Akara, wanda likitan Gana Oheneba Boachie-Adjei ya assasa, inda ake irin wannan tiyata.

Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin babba ya riga ya ƙosa, sau da yawa sai an yanke wani sashe kafin ya miƙe. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, mai cin jini da kuɗi, ga kuma haɗarin shanyewar ƙafafu. Ke nan duk shekarar da aka ɓata wajen masu ɗori, a jikin yaron za a biya ta.

Saboda haka wajibi ne matasa su bar ba'a su kama aiki. Wanda ya ga kafaɗar ƙaninsa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ya matsa wa iyaye a kai shi asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano. Wanda ya san babban da numfashi ya fara yi wa wuya, ya raka shi ganin likita, in an nemi jini ya bayar. Mahukunta kuwa, da ke tafiya Turai duba lafiyarsu, su sani za a tambaye su haƙƙin talakan da ya rasa kuɗin tiyata.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.