Zafin Adar da Nawar Kwamfuta

Lalle abin takaici ne yadda a Tama da sauran garuruwan Adar, da zarar kwamfutar ofis ta soma nawa, sai a yanke mata hukuncin tsufa, alhali kuwa sau da yawa ƙwaƙwalwarta ce ta rage gudunta da kanta, wani lokaci har zuwa megahaz 800, domin ta tsira daga zafin bazara da ke haura digiri 40. Ga shi kuma ƙurar hunturu ta toshe fanka, man da ke ɗauke zafi ya bushe. Saboda haka wajibi ne mai gyara, wanda aka danƙa wa amana, kafin ya ambaci sayo sabuwa daga Tawa ko Madawa, ya buɗe kwamfutar, ya kakkaɓe ƙurar, ya sabunta man, sa'an nan ya binciki akwatin wutarta da saitin BIOS.