Baƙo da mai masauki a gilashin waya

Malaman shimi na lise, ina da ƙorafi a kanmu. Muna sa yara su hardace sarƙoƙin karbon don su ci BAC, amma ba mu gaya musu cewa wata wayar da muke ƙwacewa a aji da wannan ilimin take haske.

Gilashin da ake kira OLED ba shi da fitila a bayansa. Kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, daga sinadarai masu karbon da aka shimfiɗa siriri ƙwarai. Ching Tang da Steven Van Slyke suka nuna hanyar a kamfanin Kodak na Amurka, a 1987.

Sinadarin da ke hasken ɗan kaɗan ne cikin shimfiɗar, baƙo ne. Sauran duk mai masauki ne, shi ke karɓar lantarki ya miƙa wa baƙo ƙarfin. In baƙi suka cunkushe, sai su kashe hasken juna. Dole kuma ƙarfin mai masauki ya zarce na baƙo, in ba haka ba ƙarfin ya koma baya, ya salwanta. Shuɗi ya fi ja da kore bukatar ƙarfi, shi ya sa nema masa masauki ke da wuya, kuma shi ke fara dushewa.

Za a ce ba mu da ɗakin gwaji. To, a rufe tagogi, a buɗe baƙin hoto a wayoyi biyu. Mai fitila a baya za ta yi toka-toka, mai OLED ta yi baƙi ƙirin. Sai a tambayi ƴan aji dalili.