Ɗakin Tiyata a Saman Majami'a

Duk wanda Allah ya kai shi Landan, kada ya tsaya ga kallon fadar sarki kaɗai. A ganina, ƙananan gidajen tarihi sun fi koyar da mutum. Akwai wani a saman tsohuwar majami'ar Sent Tomas, inda aka buɗe ɗakin tiyata na mata a 1822. A lokacin babu maganin sa barci. Sai a danne majiyyaciya a kan teburin katako, likita ya yanke ƙafa cikin gaggawa, ɗalibai na tsaitsaye suna kallo. An rufe ɗakin a 1862, aka manta da shi har 1956.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda ya ga wannan ɗaki ba zai ƙara raina darasin kimiyya ba, kuma zai gode wa Ubangiji saboda asibitin yau.