Da Wane Mudu Ake Auna Mu?

Mu ne 'yan 2:2. Mun karanci kimiyyar kwamfuta, mun bar jami'a fiye da shekara goma da suka wuce da sakamakon da ba a ɗaga shi a gaban surukai, muka shiga kasuwa muka koyi aiki da hannunmu. Yau wasunmu suna rubuta manhajar da masu gidajen haya ke karɓar kuɗi da ita, wasu suna gina rumbun bayanan filaye, wasu kuma suna yi wa kamfanonin gine-gine lissafin ko bene zai mayar da kuɗin da aka zuba masa. Daga nan ne sha'awar digiri na biyu a harkar gidaje da filaye ta kama mu. Da muka tashi neman gurbi a manyan makarantun duniya, sai muka tarar ana jiranmu a bakin ƙofa da makin da muka ci muna 'yan shekara ashirin da biyu.

A Ingila maganar a rubuce take. Kwas ɗin kuɗin gidaje na Jami'ar Kambirij da na tattalin arzikin gidaje na LSE a Landan duk suna neman 2:1 ne mafi ƙaranci. A Amurka an fi sassauci a baki, ana cewa za a duba mutum gaba ɗayansa, amma maki 3.0 cikin 4.0 shi ne layin da makarantu da yawa ke ja wa mai neman digiri na biyu. Wanda ya faɗo ƙasa da shi, da bayani zai fara kafin a saurare shi.

To, ga inda muke da ja. A Birtaniya fiye da kashi 70 cikin 100 na masu kammala digirin farko suna fita ne da daraja ta ɗaya ko 2:1. Wato idan makarantar can ta ce tana son 2:1, ɗalibin gida ta ce wa: kada dai ka zama na can baya. Mu kuwa a ajinmu, waɗanda suka kai 3.50 cikin 5.00, inda 2:1 ke farawa a yawancin jami'o'in Najeriya, da yatsu ake ƙirga su. Mun zauna a gaban malamin da ya gaya mana ranar farko cewa A ta Allah ce, B tasa ce, mu kuma mu yi kokawa a kan C. Mun rubuta jarrabawar sarrafa kwamfuta da biro a kan takarda, domin ɗakin kwamfutar babu wuta. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya zaunar da mu a gida fiye da wata biyar, muka dawo aka cusa mana karatun zango cikin 'yan makonni. Sunan darajar ɗaya ne a can da nan, mudun ne ya bambanta. Mai 3.48 a wurinmu ya sha wuyar da ta isa a ba shi kujera a zauna da shi, amma na'urar tantancewa ba ta san wannan ba, lamba kawai take gani. Mun san haka domin irin wannan na'urar mu muke rubuta ta a wurin aiki, kuma mun san layi ɗaya ya isa ya watsar da mutum dubu ba tare da ɗan Adam ya buɗe takardar ko ɗaya ba.

Ba za mu wanke kanmu tas ba. A cikinmu akwai wanda ya ƙare aji biyu a majalisar shayi da kallon ƙwallo, kuma makinsa gaskiya ya faɗa a kansa a lokacin. Kwamitin da takardu suka yi masa yawa dole ya nemi rariya, mun yarda. Tambayarmu ita ce, shekara nawa maki yake yi kafin ya tsufa? Bashi ma ana yafe shi.

Sannan a dubi sana'ar da ake tsaron ƙofarta. Harkar gidaje lissafi ce da sanin ƙasa: kuɗin hayar da gini zai kawo shekara goma masu zuwa nawa ne darajarsa a yau, ribar bashin banki za ta cinye shi ko za ta bar saura, wa ke da takardar filin. Rikicin jinginar gidaje na Amurka da ya kai ga rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumbar 2008 ba 'yan 2:2 suka ƙulla shi ba. Haziƙan manyan makarantu ne suka tattara bashin da ba za a iya biya ba suka naɗe shi a takarda mai kyau, aka buga masa hatimin aminci. A Nuwambar 2021 kamfanin Zillow ya rufe sashensa na sayen gidaje da hasashen kwamfuta, bayan ya yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya kuma sanar da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Abin da ya yi ƙaranci a wuraren nan biyu shi ne mutumin da ya san lissafin kuma ya san inda lissafin ke yin ƙarya. Wanda ya taɓa zama da dillali a kan fili ɗaya mai takarda uku, ko ya bi sawun takardar mallaka tun daga dokar filaye ta 1978 har teburin gwamna, yana da abin da zai koya wa ajin. Cibiyar nazarin harkar gidaje ta MIT, wadda aka kafa a 1983, ta gane wani abu a nan, shi ya sa take ba gogewar aiki nauyi a kwas ɗinta. Sauran su ma su faɗa a fili nawa shekarun aiki ke gogewa daga laifin ƙuruciya.

Yanzu mu juyo gida, domin a nan ma akwai masu laifi. Akwai 'yan "haƙura kawai", waɗanda ba su taɓa cike fom ɗin ko makaranta ɗaya ba amma sun yanke mana hukunci a majalisa. Akwai kuma ejan-ejan da ke cewa a kawo kuɗi su gyara sakamako. Wannan ganganci ne. Manyan makarantu suna tabbatar da takarda daga jami'ar da ta ba da ita, ko ta hannun masu tantancewa irin WES, kuma ranar da aka kama mutum ɗaya, duk mai fasfo irin nasa sai ya sha tambaya. Na uku su ne masu rubuta wasiƙar neman gurbi kamar takardar bara, shafi biyu na maraici da talauci. Kwamiti ba ofishin zakka ba ne.

Abin da ke hannunmu shi ne sabuwar shaida. A zauna jarrabawar GRE ko GMAT ko da makarantar ta ce ba dole ba ne. Sashen lissafin GRE daga 130 zuwa 170 ake ba da makinsa, kuma mai digirin kwamfuta ba shi da uzurin zama a ƙasa. A yi difloma ta gaba da digiri a fannin kula da kadarori ko kuɗi, a ci ta da kyau, don maki na ƙarshe da za a gani ya zama na bana. Maganar tsohon sakamako kuma a yi ta cikin jimla uku: ga abin da ya faru, ga abin da muka yi tun daga nan. Wasiƙar shaida ta fito daga wanda ya ga aikinmu da idonsa, ko da ba farfesa ba ne. Kada kuma suna ya rufe mana ido: a Birtaniya akwai kwasa-kwasan da ƙungiyar ƙwararru ta RICS ta amince da su, wasunsu suna karɓar 2:2 idan akwai gogewa, kuma wannan amincewar ce hanyar zama cikakken ɗan sana'a a can. Kuɗin makaranta kuwa, da canjin naira na yanzu, magana ce ta wata rana mai zaman kanta.

Ɗaya daga cikinmu ya nema bara, aka mayar masa da amsar ƙi cikin kwanaki kaɗan, da saurin da ya sa muke zargin ko an buɗe wasiƙarsa. Bana ya sake zama jarrabawa, ya haɗa da taswirar farashin haya ta unguwanni da ya gina da kansa, zai aika wa makarantu biyar. Mu huɗu za mu bi bayansa, kuma a kowace wasiƙa za mu rubuta yadda ake raba maki a inda muka fito, da lambobinsa.