Yaro mai ƙiba: wasan da ke kawo haki shi ne magani

A ƙasar da aka daɗe ana fama da tamowa, ba abin mamaki ba ne idan uwaye suka ɗauki ƙibar yaro a matsayin albishir. Duk wanda ya ga yadda gidajen likita na jahohin Maraɗi da Damagaram suka cika da yara ramammu a shekarar 2005, da wuya ya yarda cewa kumatu da wuya mai ninki suna iya zama ciwo. Shi ya sa a gidan ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, ko na ma'aikacin da albashinsa ke da tsoka, idan yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce ya gaji arziki, kakarsa ta yi masa kirari, baƙi su ce tubarkalla. To amma likitoci sun daɗe da gano cewa jiki yana da iyakar kitsen da zai iya ɗauka ba tare da ya cutu ba, kuma yaro ma yana iya ƙetare wannan iyaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima. A shekarar 2022 adadin ya kai kashi 20 cikin 100, wato sama da miliyon 390, kuma miliyon 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin ciwo. A shekarar 2025 hukumar UNICEF ta bayyana cewa, karo na farko, yaran duniya masu shekarun zuwa makaranta da ke da irin wannan ƙiba sun fi ramammu yawa. Rahoton ya ware ƙasashen Afirka na kudu da Sahara da na kudancin Asiya, inda har lokacin rama ce kan gaba. A nan Nijar ma tamowa ce babbar damuwa. Sai dai a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, a unguwa guda ana iya samun gidan da ake neman abin da za a ba yaro, da gidan da yaro ke neman wurin da zai ƙone abin da ya ci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya bi sawun yinin ɗan mai hali a birni. Da safe mota ko kabu-kabu ta sauke shi a ƙofar lakkwal. Ya zauna bisa benci har a tashi, a sake ɗauko shi zuwa gida. Bayan abinci ga mushen da aka ɗauka domin ƙarin karatu, bayan shi ga makarantar allo ko ta Islamiyya, da dare kuma ga telebijin ko wayar salula. Gidan katanga ne da ƙofar ƙarfe, an hana shi fita tsoron motoci da miyagun abokai, filin da yaran unguwa ke taruwa a da kuma an rarraba shi an gine. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma idan aka haɗa su sai a tarar yaron ya wuni bai yi gudu ko sau ɗaya ba.

Motsi hawa uku ne

Idan aka yi wa uba wannan magana, yawanci amsarsa ita ce: ai yaron yana wasa, ba ya zama wuri ɗaya. A nan ne masana suka rarrabe, domin motsin jiki hawa uku ne, kuma amfaninsu ba ɗaya ba ne. Akwai motsi mai sauƙi, irin zagayen tsakar gida da tafiyar aike cikin yanga. Akwai matsakaici, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke a miƙaƙƙiyar hanya, inda zuciya ke ƙara bugu, jiki ya ɗau zafi. Sannan akwai mai tsanani, irin tsere da tsallen igiya da ƙwallon ƙafa na gaske, inda haki ke zuwa, gumi ya keto.

Ba sai da na'ura ake gane su ba. A yi wa yaron magana yana cikin wasa. Idan yana iya rera waƙa, motsin mai sauƙi ne. Idan yana iya magana amma waƙa ta gagare shi, ya shiga matsakaici. Idan kuwa ba ya iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ya tsaya ya ja numfashi, to ya kai ga mai tsanani.

A ƙa'idojin da OMS ta fitar a shekarar 2020, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsi matsakaici zuwa mai tsanani, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya samu mai tsananin tare da wasan da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin tsalle da hawa da kokowa. Mai shekara 3 zuwa 4 kuwa, bisa ƙa'idojin 2019, minti 180 na motsi iri-iri yake bukata a wuni, 60 daga ciki masu ƙarfi, kallon telebijin ko waya kuma kada ya wuce awa 1. Ba dole ba ne a yi minti 60 ɗin a zama guda. Minti 15 nan, 20 can, duk suna taruwa, kamar yadda dala-dala ke haɗuwa ta zama jikka.

Abin da aka gwada

A birnin Ogasta na jahar Jojiya ta ƙasar Amurka, wata masaniya mai suna Catherine Davis da abokan aikinta sun ɗauki yara 222 masu ƙiba, ƴan shekara 7 zuwa 11, waɗanda ba su saba motsa jiki ba, suka raba su kashi uku. Kashi na farko aka bar su yadda suke. Na biyu suna wasa mai ƙarfi na minti 20 kowace ranar makaranta bayan an tashi, na uku kuma minti 40. Wasannin yara ne zalla: guje-guje, kama-kama, tsallen igiya, ƙwallo. An ɗaura wa kowane yaro na'urar ƙirga bugun zuciya, ana ba da lada ga wanda bugunsa ya tsaya sama da 150 a minti. Ba a rage wa kowa abinci ba. Bayan kimanin mako 13, sakamakon da aka buga a mujallar likitocin Amurka ta JAMA a shekarar 2012 ya nuna cewa a kashi biyun da suka yi wasa, kitsen jiki da kitsen cikin ciki sun ragu, alamun kamuwa da ciwon sukari ma sun ragu. Masu minti 40 sun fi samun raguwar, amma ko masu minti 20 sun amfana, kuma wajen ƙarfin numfashi da juriya kusan kunnen doki suka yi.

Yadda abin ke aiki a jiki yana da sauƙin fahimta. Abincin da aka ci yana komawa sukari a cikin jini, sai wani sinadari da jiki ke yi, mai suna insulin, ya buɗe masa ƙofa ya shiga tsoka. Kitse rumbun jiki ne, a nan ake tara abin da ba a yi amfani da shi ba. Idan rumbun ya cika ya batse, musamman kitsen da ke kewaye hanji da hanta, sai ƙofar ta fara cijewa, jiki ya riƙa ƙara yawan insulin domin ya tura ta. Shekaru suna tafiya a haka har ranar da ya kasa, wannan shi ne ciwon sukarin da a da aka sani da na manya, yanzu kuma ake gani ga matasa. Tsokar da ke aiki da ƙarfi kuwa tana jan sukari daga jini da kanta, kuma ƙofar tana zama da laushi har awoyi da dama bayan an gama wasa. Zuciya ma tsoka ce, sai an sa ta aiki take ƙara ƙarfi.

Saboda haka bai kamata uwaye su sa ido ga ma'aunin kilo kaɗai ba. Yaro mai girma ne, tsawo yake ƙarawa, tsoka kuma ta fi kitse nauyi. Yana iya wata uku yana wasa kilonsa bai sauka ba, alhali tumbi ya ragu, wando ya yi masa sako-sako, yana hawan tudu ba ya tsayawa. Ƴan kokowa misali ne da kowa ya sani. Tun daga gasar takobi ta farko da aka yi a Tawa a shekarar 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, filin kokowa bai taɓa rasa ƙattai masu nauyi ba, amma nauyi ne da aka gina da turza ƙasa da gumi, ya kuma sha bamban da na mai zaman kujera.

Maganin yana cikin gida

Wasannin da ake bukata ba baƙi ba ne. Langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar yana ture abokin karawa, ta haɗa haki da ƙarfafa ƙashi a lokaci guda. Haka kokowar yara a kan rairayi, da ɓuya, da tsere, da ƙwallon tsumma. Ɗiya mata suna da gaɗa da ƴar gala-gala da tsallen igiya, kuma su ne suka fi bukatar a tuna da su. Wani binciken OMS da aka buga a shekarar 2019, wanda ya shafi ƴan makaranta miliyon 1.6 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsi: kashi 78 ga maza, 85 ga mata. A gidan mai hali, inda ƴar aiki ke yin daka da shara da wanki, yarinyar da aka hana fita da zarar ta fara girma ba ta da sauran abin da zai sa ta gumi. Igiya guda da tsakar gida sun ishe ta, ba tare da an keta wata al'ada ba.

Sai dai a lura da abu guda. Idan aka tura yaro mai ƙiba cikin ƴan ƙwallo, sau da yawa shi ake sa wa tsaron gida, ya tsaya tsakanin duwatsu biyu har magariba, ya dawo da ƙura a ƙafa, uwaye su zaci ya yi wasa. Ya fi amfana da wasan mutum uku-uku ko huɗu-huɗu a ƙaramin fili, inda ba wanda ke samun damar tsayawa.

A fara a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. Makon farko minti 10 zuwa 15 sun isa: gudu kaɗan, hutu kaɗan, a sake. Daga nan a riƙa ƙarawa har a kai awa guda a wuni. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi wasan da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa, domin jiki mai kitse ya fi saurin ɗaukar zafi. Idan yaro ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take. Wanda ke da fuka ko ciwon zuciya ko sikila, a nemi shawarar likita tukuna. Haka kuma yaron da ke ɗingishi ko kukan ciwon ƙugu ko gwiwa, ko mai minshari mai ƙarfi da dare, ko wanda fatar bayan wuyansa ta yi baƙi ta yi kauri kamar dauɗar da sabulu ba ya fitarwa. Wannan baƙin wuya sau da yawa alama ce ta cijewar ƙofar sukari, gurza shi da soso ba ya magani. A gidan likita ne za a auna nauyi da tsawo, a gwada su da jadawalin shekarun yaron, a faɗi ko ƙibar ta wuce ƙima.

Kada kuma a mayar da wasa horo. Yaron da ake sa wa gudu domin ya yi laifi, ko ake kira da sunan tsiya a gaban ƙannensa, zai tsani motsa jiki har girmansa. Abin da yaro ke jin daɗinsa shi yake komawa gare shi gobe ba tare da an kore shi ba. Uban da ya rufe kanti ko ya taso daga aiki ya ɗauki rabin awa yana buga ƙwallo da ƴaƴansa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, tun da shi ma hawan jini ba ya tsoron babbar riga.

Wasa ba ya ɗauke nauyin lura da abin da ke shiga baki. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kimanin ƙwaya 7 na sukarin shayi, abin da yaro zai sha cikin minti biyu, ya kuma bukaci gudu mai tsawo kafin ya ƙone shi. Ba a hana yaro mai girma abinci, amma lemun kwalba da alewa da biskit suna iya komawa abin ranar salla da biki.

Sauran aikin na hukumomi ne. Shugabannin makarantu, musamman masu zaman kansu da ke buɗewa a cikin gidajen haya marasa fili, su daina mayar da awar wasanni lokacin ƙarin lissafi, uwaye kuma su tambayi ina filin wasa yake kafin su biya kuɗin shekara. Magadan gari su bar wa kowace sabuwar unguwa fili guda da ba za a sayar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kuɗin igiya da ƙwallo bai kai na maganin sukari na wata guda ba. Allah ya raya zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.