Manchok Na Buƙatar Jadawalin Tarihi Da Kowa Zai Iya Taɓawa A Wayarsa

Idan ma'aikacin ƙidaya ya shiga gida a Manchok ya tarar da tsohuwar da ba ta da takardar haihuwa, ba ya barin gurbin shekarunta fayau. Yakan duba jerin manyan abubuwan tarihi da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke tanada domin irin wannan, ya tambaya: "Mama, lokacin canjin kuɗi kin yi aure?" Idan ta ce ai tana goyon ɗanta na fari, to an kama bakin zaren, domin a 1973 naira ta maye gurbin fam. Wani tsohon canjin hannu na 1972 zai tuna, lokacin da motoci suka koma bin dama, wani kuma ƙarin albashin Udoji. Dabarar tana aiki. Sai dai jerin na ma'aikaci ne, ɗan makarantar da ya fi kowa buƙatarsa ba ya ganinsa.

Ya kamata masarautar Moro'a, wadda fadarta ke Manchok, da maƙwabtanta na Kagoro da Jama'a da Atyap su mallaki nasu jadawalin, kuma ya kasance a cikin wayar da ke aljihun kowa. Layi ne guda, shekaru jere a kansa. Yaro ya ja da yatsa ya koma baya shekara ɗari, ya taɓa 1927 hoton tashar jirgin ƙasa ya buɗe, ya taɓa wata shekarar ya ji muryar dattijon da aka yi abin a gabansa. Fasahar ba ita ce matsalar ba. Manhajar TimelineJS, wadda Knight Lab na Jami'ar Northwestern a Amurka ya ƙirƙira, kyauta ce, kuma daga jerin kwanan wata da aka rubuta a Google Sheets take zana jadawalin. Masu iyawa ma suna nan gida: Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta daɗe tana koyar da kwamfuta a Kafanchan, kuma matasan yankin ne suka yi tsayin daka har Wikipedia ta harshen Tyap ta tsaya da ƙafafunta a 2022.

Dalilin gaggawar a fili yake. Mutumin Kano ko na Legas, in ya san Kudancin Kaduna, da shekarun jini ya san ta: rikicin da ya taso daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris na 1987, na Zangon Kataf a 1992, tarzomar bayan zaɓe a Afrilun 2011, da harin Maris na 2014 da ya ci rayuka fiye da 100 a ƙauyukan ƙasar Moro'a. Ba wanda ya isa ya ce a goge waɗannan ranaku. Akwai iyalan da har gobe suke kuka a kansu. Amma yaron da ya taso bai san komai game da garinsu ba sai ranakun da aka binne mutane, an tauye masa gadonsa, kuma shi ne mafi sauƙin zugawa.

Tsakanin waɗannan shekaru da kuma gabaninsu akwai rayuwa mai yawa. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau dutse zuwa Jos, garin kuza. Jirgin ne ya kawo Ibo da Yarbawa da Hausawa ma'aikata da 'yan kasuwa, shi ya sa ƙauye ya zama gari, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan a 1933. Wanda ya ga waɗannan shekaru biyu kusa da juna a kan layi ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ya jawo wani.

Haka ma sarauta. Malam Gwamna Awan ya riƙe Kagoro daga 1945 zuwa 2008, shekara 63. Malam Tagwai Sambo ya hau kujerar Moro'a a 1966, yana kanta har rasuwarsa a 2024. A ɗora zamanin mutanen nan biyu a ƙarƙashin na gwamnatoci, sai a ga abin mamaki: Lardin Zazzau ya wuce, Jihar Arewa ta Tsakiya ta zo a 1967, ta koma Jihar Kaduna a 1976, Katsina ta ɓalle a 1987, sojoji sun shigo sun fita, su kuwa suna zaune a fadojinsu shekara 42 tare, ƙasa na jingine da ƙasa. Littafi zai iya faɗin wannan, amma ido ya fi saurin kamawa idan layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Sai dai akwai haɗari, kuma ba ƙarami ba ne. A wannan yanki kwanan wata makami ne. Wa ya riga wa zuwa, wa ya sari dajin, yaushe aka kafa kasuwar, duk tambayoyi ne da aka zubar da jini a kansu. Jadawalin da ke haskawa a waya yana da kwarjini, mai kallo zai ɗauka duk abin da ke ciki gaskiya ce tsagwaronta. Saboda haka sharaɗin farko shi ne kowace shekara ta zo da shaidarta: wannan daga fayil ɗin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wannan daga Gidan Arewa, wannan daga littafin baftisma na coci, wannan daga bakin limamin unguwa ko dattijuwar da ta gani. Inda ba a da tabbas a rubuta "wajejen", a kuma ba shi launi dabam. Inda ruwaya ta kasu biyu a nuna duka biyun. Rahoton jami'in mulkin mallaka ma shaida ce kawai, domin ta bakin tafinta ya ji, kuma da nasa son zuciya ya rubuta.

Nok, da ke nan ƙasar Jaba, ta isa misali. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a can. A farkon shekarun 1940 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda sai da ya yi zaman korar ɓarna a gonar doya kafin a san darajarsa. Shekaru da dama littattafai na cewa al'adar Nok ta faro ne wajejen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Da masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka soma tono a 2005, sai farkon ya ja baya zuwa wajejen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Shekara dubu ta ƙaru. Allon da aka sassaƙa a jikin bango zai ci gaba da faɗin tsohuwar magana, na waya kuwa ana gyara shi cikin minti ɗaya, a kuma bar alamar abin da aka canza da dalilin canzawar. Ko shekarar 999 da ake ba farkon sarautar Bagauda a Kano ba a rubuce aka same ta ba. Littafin Tarihin Kano tsawon mulkin sarakuna ya bayar, H. R. Palmer ne ya yi lissafi da baya lokacin da ya buga fassararsa a 1908.

Wa zai riƙe mabuɗin gyaran? Kada ya zama mutum ɗaya, kada kuma ya zama ɗan siyasa mai neman ƙuri'a. Kwamiti ake so da ya ƙunshi fadar Moro'a, malaman tarihi daga reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, Kirista da Musulmi, Asholio, wato mutanen Moro'a, da Hausawa da Fulanin da suka yi kaka da kakanni a ƙasar, da mata, waɗanda galibi su ne ke riƙe da lissafin haihuwa da aure da shekarun yunwa. A rubuta da Hausa da Ingilishi da harshen Asholio. A kuma buga kwafi a manna a ajujuwa, tunda ba kowane ƙauye ke da sabis mai ƙarfi ba, kuma data kuɗi ce.

Darasin tarihi, da aka cire daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajejen 2009, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a 2022, don haka malamai na da gurbin da za su sa wannan aiki. Abin da ba zai jira kwamiti ba shi ne ɗaukar murya. Wanda yake ɗan shekara goma ranar samun 'yancin kai a 1960 ya cika 75 a 2025, tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa kuma kullum raguwa suke yi. Kowace sakandare a Ƙaramar Hukumar Kaura, inda Manchok take, za ta iya ba ɗalibanta aikin hutu: kowa ya zauna da tsoho ɗaya, ya nemi izininsa, ya naɗi hirar a waya, ya rubuta ranar da aka yi ta da unguwar, ya miƙa wa malamin tarihi idan an koma makaranta.